Ɗakin da kunne ya ce ƙato ne, ido ya ce ƙarami

Baƙon_Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, amma sai na fara ba ku labari.

Jiya na shiga wani baje-kolin fasaha. Ba irin wanda ake rataye zane a bango ba, wannan sauti ake girkawa a ɗaki, a ce ka shiga ka zaga. Ɗakin duhu ne, sai 'yar fitila ja a ƙasa don kada mutum ya yi tuntuɓe. Ina sa ƙafa na ji ɗigon ruwa ya faɗi can nesa ta hagu, ɗis, amonsa ya ja, ya ja, kafin ya mutu. Na ƙara taku biyu, wani ya faɗo ta bayan ƙeyata. Wallahi jikina ya gama yarda cewa cikin wani ƙaton kogo nake, har na koma yi wa abokin tafiyata raɗa, ina jan ƙafa kamar mai tsoron rami. Na miƙa hannu ta inda na fi jin nisa, sai kawai na cafko labule. Ashe bango na nan a hancina.

Da lokacin tashi ya yi, mai kula da wurin ya kunna fitilu. Na auna da ƙafa, taku 9 a tsaye, 7 a kwance. Kafet a ƙasa, baƙaƙen labulaye, ƙananan lasifikoki na ƙirga 16, da kyamara guda a silin.

To, shin kunne yana auna girman wuri da gaske ne, ko duhu ne ya sa zuciyata ta ƙago kogon? Sai ta biyu, wadda ta fi damuna. Can tsakiya na gane takuna ne ke jawo ɗigon, kyamarar nan ni take bi. Ina ganewa kogon ya tafi, tun ba a kunna fitila ba. Na koma taka nan, taka can, ina gwada na'ura kamar yaron da aka saya wa sabon abin wasa. In haka ne, sa aikin ya riƙa amsa motsin mutum gyara ne ko ɓarna?

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Malam, rufa-ido aka yi maka, sai dai wannan karon rufa-kunne ne. Gani ya kori ji. Da bakinka ka ce fitila na kamawa komai ya watse.

Malam_Lissafi:
Sarki, a sake karantawa, ya ce tun kafin fitila kogon ya tafi. Kuma ko rufa-ido ba ya ci sai ya bi ta hanyar da ido ya saba yarda da ita. Kunne awo yake yi dare da rana, mu ne ba mu lura.

Sauti na cin mita 343 a sakan guda in iska na da matsakaicin zafi. In ka yi tafi, abin da ke fara isa kunnenka shi ne wanda ya taho kai tsaye daga hannunka. Bayansa sai waɗanda suka je suka daki bango da daɓe da rufi suka dawo. Bangon da ke mita 17 daga inda kake, zuwa da dawowa mita 34 ke nan, kusan kashi 1 cikin 10 na sakan. Daga wajen nan kake jin tafin ya rabu biyu sarai, shi ne amsa-kuwwa. In bango na kusa sosai, ƙwaƙwalwa ba ta raba su. Haɗe su take yi ta mayar da su labarin ɗakin: faɗinsa, tsawon rufinsa, siminti ne ko kyalle. Sai kuma abin da ni nake kira wutsiyar sauti, yadda amo ke ja kafin ya mutu. Doguwar wutsiya, ƙwaƙwalwa ta ce babban wuri mai taurin bango.

Labulen da ka cafko da kafet ɗin ba ado ba ne. Aikinsu su shanye amsar ɗakin na gaskiya, su kashe bakinsa, sannan lasifikokin su kawo amsar wani ɗakin da babu shi. Kunnenka bai yi kuskuren lissafi ba, alƙaluman ƙarya aka miƙa masa.

'Yar_Zane:
Shi ya sa kowa gwanin waƙa ne a banɗaki 😂 Tayil ba ya shan komai, duk abin da ka ba shi sai ya maido maka da ƙari.

Magini_77:
Duk wanda ya taɓa kwashe kaya daga ɗaki ya san abin da Malam ke faɗa. Ana fitar da katifa da labule da kujeru, muryarka ta sauya, ɗakin da ka shekara goma a ciki ya zama baƙo.

Mu a harkar gini akwai mutumin da ba ma tsallakewa, Wallace Sabine. A 1895 Jami'ar Harvard ta ɗora masa gyaran wani zauren lacca da ba a gane maganar malami a cikinsa, domin kalma kan yi sama da sakan 5 tana yawo kafin ta mutu, ta baya ta hau kan ta gaba. Matashin malamin kimiyya ne a lokacin. Sai ya riƙa zuwa da tsakar dare in gari ya yi tsit, da bututun ogan (kayan kiɗan nan mai maɓallai da ke hura iska cikin bututu) da agogon ƙirga sakan, shi da mataimakansa suna jido kushin-kushin na kujeru daga wani zauren wasa da ke kusa. Su shimfiɗa, ya busa, ya ƙirga. Su ƙaro, ya sake. Kafin gari ya waye su mayar wa masu kaya kayansu. Daga jidon kushin nan ya fitar da lissafin da har gobe ake amfani da shi, kuma da shi aka tsara babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Ina nufin abin da Baƙon_Zaure ya ji ba zuciyarsa ce ta ƙaga ba, abu ne da ake aunawa da agogo.

Mai_Sanda:
Salamu alaikum. Na daɗe ina bin gidan nan ta manhajar da ke karanta mini rubutu, ban cika sa baki ba, amma yau an taɓo inda nake zaune. Na rasa idona tun ina ɗan shekara 6. Sarkin_Gardama, ɗan'uwa, karin maganar nan taka ta masu ido ce. Mu a wajenmu ji bai taɓa koruwa ba.

Sandata aiki biyu take yi. Tana taɓo abin da ke gabana, wannan kowa ya sani. Amma ƙas-ƙas ɗin bakinta a ƙasa, ita ce fitilata. In ina bin doguwar baranda, bangon dama yana dawo mini da bugun a matse. Da na zo daidai buɗaɗɗiyar ƙofa sai gefen nan ya yi wayam, kamar an ɗauke mini wani nauyi daga kunci. Motar da aka ajiye a bakin hanya nakan ji ta tun saura taku uku, ba don injinta na aiki ba, don ta tare hayaniyar da ke zuwa daga bayanta ne. E, sauti ma yana da inuwa. Matakalar bene kuwa ba ta iya ɓuya, amo sama yake haurawa ya daɗe bai sauko ba.

Abokan gabata uku ne: iska mai ƙarfi, hula mai rufe kunne, da kafet mai kauri.

Sarkin_Gardama:
Ranka ya daɗe, na janye karin maganar. Amma ban janye batun yaudara ba, muna nan.

Malam_Lissafi:
Malam Mai_Sanda, maganar kuncin nan ta kai ni nesa. An daɗe ana zaton da fatar fuska makafi ke jin bango, saboda su kansu haka suke siffanta shi. A Jami'ar Cornell, Karl Dallenbach da ɗalibansa biyu, ɗayansu ma makaho ne, suka gwada abin, aka buga sakamakon a 1944. Sun sa makafi da masu idon da aka ɗaure wa fuska su tunkari wani allo. An lulluɓe fuskokinsu da kuma hannuwansu, suka ci gaba da tsayawa kafin su kai allon. Aka toshe kunnuwa, sai karo. Ashe kunne ke aikin, kunci ke karɓar yabo. A yau akwai Daniel Kish, Ba'amurken da aka cire wa idanu biyu tun yana jariri saboda cutar daji. Da ƙyasta harshe yake gane abin da ke gabansa, har keke yake tuƙawa, yana kuma koya wa wasu.

Uwar_Biyu:
Ikon Allah. Kunne ya girmi kaka dai.

Injiniyar_Waya:
An gama da tambaya ta farko ina gani, bari in taɓa ta biyu, don na taɓa girka irin wannan. Nawa ƙarami ne, lasifika 8, allon Arduino (ɗan ƙaramin allon lantarki da ke sarrafa na'urori), kwamfuta, da na'urorin auna nisa masu harba sautin da kunne ba ya ji su jira dawowarsa, dabarar jemage ke nan.

Sati biyu ina saita shi ni kaɗai a ɗaki, komai ras. Ranar buɗewa mutum kusan 30 suka ɗuro lokaci guda. Na'ura ta rasa wa za ta bi, kowa na motsi, kowane lasifika na kuka. Ga shi jikin mutum da tufafinsa soso ne, wutsiyar da na sha wuyar gyarawa ta guntule. Na raɓe a lungu kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari muka koma shigar da mutum huɗu-huɗu.

Amma abin da ya fi koya mini hankali shi ne lokaci. In sautin ya fito daidai da takunka, nan take ka gane kai ne, ka zama makaɗi, ka manta da ɗaki. In ya makara da yawa, ba za ka haɗa shi da kanka ba sam, to wahalar na'urar ta mece ce? Tsakanin biyun akwai wani ɗan siririn wuri inda mutum ke zargi amma bai tabbatar ba. Nan daɗin yake. Sai na sa kwamfutar ta riƙa jinkirin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, wani sa'in ma ta yi biris da kai gaba ɗaya. Baƙon_Zaure, ina zaton wanda ya girka naka bai ɓoye hannunsa da kyau ba ne kawai.

Sarkin_Gardama:
Wato gwanin shi ne wanda ya fi iya ƙarya. Hajiya, Allah ya saka, kin gama mini aikin.

Injiniyar_Waya:
Mai zanen da ya zana hanya tana ƙanƙancewa har ta ɓace a kan shimfiɗaɗɗen allo, shi ma maƙaryaci ne ke nan?

Uwar_Biyu:
Ni fa ban ga laifin wasan ba. Na taɓa kai yarana irin wannan wuri, inda kowane sashe na daɓen ke da nasa sauti. Ni na tsaya a tsakiya ina sauraro irin na manya. Su kuwa cikin minti biyar sun gano lungun da murya ke yin kauri, sun gano in ɗaya ya kwanta a ƙasa abin da yake ji daban ne da na tsaye, ƙaramar har ta rarrafa bayan wani ginshiƙi ta kira ni, wai Mama zo ki ji nan babu kowa. Na je, da gaske sautin ya yi ƙasa a wajen. Wa ya fi sanin ɗakin nan, ni ko su? Wanda ya gwada na'ura da ƙafarsa ai ɗakin yake zagawa, ko bai yi niyya ba.

Baƙon_Zaure:
Hajiya, da gaskiyarki, amma ɗakin da suka sani shi ne na taku 9. Ni kogon nake kewa.

Dattijo_Mai_Rediyo:
Ku yaran nan kuna zaton da kyamara da kwamfuta aka fara. A baje-kolin duniya na Brussels a Beljiyam, 1958, kamfanin Philips ya gina wata rumfa, masu zanen gini Le Corbusier da Iannis Xenakis suka tsara ta, aka jera ɗaruruwan lasifika a jikin karkatattun bangayenta. Sautin mai tsara kiɗa Edgard Varèse na minti 8 ya riƙa bin bango yana hawa yana sauka yana kewaya mutane. A Osaka ta Japan, 1970, Jamus ta Yamma ta gina zaure dunƙulalle kamar ƙwallo saboda kiɗan Stockhausen, Bajamushe mai tsara kiɗa, masu sauraro suna zaune a kan raga, sauti na zuwa har daga ƙarƙashin ƙafafunsu.

Amma wanda ya fi kwanta mini shi ne na Max Neuhaus a dandalin Times Square na New York. A 1977 ya sa sauti a ƙarƙashin wata ragar ƙarfe da ke tsakiyar titi, inda iskar jirgin ƙarƙashin ƙasa ke fita. Wani gunji ne mai kauri mara yankewa. Ba allo, ba suna, ba mai gadi. Ya yi aiki har 1992, aka dawo da shi a 2002. Dubbai na takawa kullum suna ɗauka inji ne. Jefi-jefi wani ya ja birki ya ce kai, wannan ba ƙarar inji ba ce. In ya gane, daga ranar wurin nan ya sauya masa. Babu na'urar da ke bin kowa, kunnenka ne ko dai ya farka ko ya wuce.

'Yar_Zane:
Baba ya kawo ni inda nake so. Na samu shiga aikin Janet Cardiff 'yar Kanada, wanda ta yi a 2001. Lasifika 40 ne a kan sanduna daidai tsayin kai, an jera su a kewaye, rukuni 8, kowane rukuni 5. Kowane lasifika muryar mawaƙi ɗaya ce tak, daga wata waƙar coci ta Thomas Tallis ta ƙarni na 16 mai muryoyi 40. In kin tsaya a tsakiya, waƙar na zagaya ki kamar guguwa. In kin matsa kusa da guda, sai ki ji mutum ɗaya, har jan numfashinsa. Kafin su fara ma ana jin su suna hira ƙasa-ƙasa, wani na gyaran murya. Na ga wani bawan Allah ya zo gifta gaban lasifika ya ɗan sunkuya, kamar mai neman afuwar wanda ya tare. Sanda ce fa da akwati! Amma wurin ya cika da mutane 40 da babu su.

Injiniyar_Waya:
Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma Yaya, wannan ba ya amsa kowa. Ko kin shiga ko ba ki shiga ba abu ɗaya yake kunnawa.

'Yar_Zane:
Abu ɗaya yake kunnawa, amma babu mutum biyu da suka ji abu ɗaya. Ƙafafuna ne na'urar. Me ya rage?

Injiniyar_Waya:
In haka ne kowane masallaci da kowane coci da kowace tashar jirgi aikin fasaha ne mai amsa motsi, tunda ko'ina ka matsa abin da kake ji ya sauya. Kalmar ta tashi daga aiki ke nan.

Ɗan_Sauri:
Don Allah wa ke da bidiyon ɗaya daga cikin waɗannan? Ku turo mu ma mu ji, surutu ya yi yawa.

Malam_Lissafi:
Ƙanena, ko an turo ba za ka ji abin da suke faɗa ba. Kunne biyu gare ka, da kai a tsakani. Sautin da ya taho ta dama yana riga isa kunnen dama da ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na sakan, kuma kanka na tare wa na hagu wani abu, musamman siraran sautuka. Lord Rayleigh, masanin kimiyya ɗan Birtaniya, ya yi bayanin wannan tun 1907. Lanƙwasar fatar kunnen nan da kake gani ita ke taimaka maka ka raba sama da ƙasa, gaba da baya. Uwa uba kana juya kai ba tare da ka sani ba, kowane juyi sabon awo ne. Waya a hannun wani ba ta da kanka, ba ta da wuyanka. Akwai ɗaukar da ake yi da makirufo biyu a kunnuwan wani kan mutum-mutumi na roba, in ka sa hedifon sai ka rantse mutum na bayanka, amma da ka juya kai sai duniyar ta juya tare da kai, asiri ya tonu.

Ɗan_Sauri:
To shi ke nan. Wane wuri ne ya fi ko'ina doguwar wutsiya a duniya? Tunda yau ranar wutsiya ce.

Magini_77:
A ginin ɗan Adam, wanda ya shiga kundin Guinness shi ne rumbun man Inchindown a Sikotilan, wanda aka haƙa cikin dutse don ajiye man jiragen ruwan yaƙi. Trevor Cox na Jami'ar Salford ya shiga ta bututu, aka harba bindiga mara harsashi, aka rubuta sakan 75. A 2014 aka sanar.

Kishiyarsa kuma ɗakin da ba ya amsawa sam, wanda ake lulluɓe bango da rufi da ƙasa da tsinin soso, mutum ya tsaya a kan raga. Na taɓa shiga ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje. Na yi tafi, ya mutu a hannuna kamar na daki matashi. Kunnuwana suka yi dum, na ji ina neman abin dafawa. Mai tsara kiɗan nan John Cage ya shiga irinsa a Harvard a 1951, ya fito yana cewa sautuka biyu ya ji, siriri da kakkaura, duk daga jikinsa.

Jagoran_Gida:
Jama'a, mun yi nisa. Mai tambaya yana jiran a ce masa gyara ne ko ɓarna.

Magini_77:
Afuwan, shugaba. To ga nawa. Ni a ganina ba na'ura ce matsalar ba. Ayyukan nan gida biyu ne. Akwai masu kashe ɗakin gaskiya su kawo na aro, irin wanda Baƙon_Zaure ya shiga. Akwai kuma masu sa ɗakin gaskiya ya buɗe baki. Na aro dole ya ɓoye hannunsa, da an gane shi ya mutu. Na biyun kuwa ganewar ma ƙara masa ƙarfi take yi.

Misali mawaƙin nan David Byrne. Ya ɗauki tsohon ogan ya ajiye a tsakiyar tsohon gini, ya ja wayoyi da tiyo daga maɓallansa zuwa sassan ginin. Wani maɓalli ya sa ƙaramin inji ya girgiza ƙarfen rufi ya yi ruri, wani ya sa guduma ta daki ginshiƙi, wani ya hura iska cikin bututun ruwa ya yi kukan sarewa. Babu lasifika ko ɗaya. Kowa ya zo ya zauna ya danna. An yi a Stockholm a 2005, New York a 2008, Landan a 2009. Ka san sarai kai ne ka danna, wayoyin ma ga su a fili, amma da ginshiƙin da ke can ƙurya ya amsa, dole ka ɗaga kai ka neme shi. Wasan ne ke nuna maka girman ginin.

Ko mai tsara kiɗa Alvin Lucier a 1969. Ya ɗauki muryarsa yana magana a ɗaki, ya kunna ta a ɗakin ya sake ɗauka, ya kuma kunna wannan ya sake ɗauka, haka-haka. Kowane zagaye ɗakin na ƙara wa sautukan da suka dace da girmansa ƙarfi, yana cinye sauran, har kalmomin suka narke, sai amon ɗakin zalla ya rage yana bin kiɗan maganarsa. Mutumin yana da in'ina, a cikin maganar ma ya ambaci hakan.

Sarkin_Gardama:
Yawwa! Wannan na biyun na yarda fasaha ce. Na farkon kuwa ina kan bakana.

'Yar_Zane:
Sarki, to na Cardiff a wane gida za ka sa shi? Mawaƙan na aro ne, amma ana ɗaukarsa daga gini zuwa gini, kowane gini da yadda yake sauya shi. Rabon Magini ya yi kyau a rubuce, a ƙasa ba ya tsayawa.

Malam_Lissafi:
Kuma akwai wanda motsin da ake bukata bai wuce karkata kai ba. Mai tsara kiɗa La Monte Young da mai fasaha Marian Zazeela sun buɗe wani ɗaki a New York a 1993, inda sautuka tsayayyu ke tashi ba yankewa. Sautin da ke girgiza sau 1,000 a sakan tsawon zangonsa, wato nisan da yake ci a girgiza ɗaya, kusan santimita 34 ne. In ya daki bango ya dawo ya haɗu da mai zuwa, wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna, kuma tsakanin wuri mai ƙarfi da na gaba kusan santimita 17 ne kacal. Ka karkata kai kaɗan, wani sauti ya ɓace, wani ya fito. Iskar ɗakin ta zama tudu da kwari, kana taka su da kunne. Masu kaurin kuwa ba a kunne kaɗai suke tsayawa ba, a ƙirji da tafin ƙafa ake jin su. Jiki ya fi kunne ji, a nan ba karin magana ba ce.

Injiniya, wannan babu kyamara, babu Arduino, amma ba na jin akwai na'urar da ta kai shi saurin amsawa.

Injiniyar_Waya:
Malam, na yarda ya fi nawa sauri, tunda shi ba ya jiran kwamfuta 😅 Amma har yanzu ina raba abin da ke sauyawa a kunnena da abin da ke sauyawa a ɗakin kowa ya ji. In na ɗaga hannu baƙuwar da ke can gefe ta juyo saboda sautinta ya canza, mun haɗu ke nan ba tare da mun yi magana ba. Wannan na'ura ce kaɗai ke kawo shi.

Mai_Sanda:
Bari in ƙara wani abu, ko da ba zai yi wa masu wannan sana'a daɗi ba. Wani ƙanena ya taɓa kai ni irin ɗakin da mai tambaya ya shiga. Cewa ya yi, Yaya, wannan naka ne, yau kai ne mai ido. Muna shiga na buga sanda, shiru. Kafet ya haɗiye. Bango ba ya amsawa, sai wani fili na ƙarya ke kira na ta inda na san ba hanya. A rayuwata ban cika jin makanta irin ta ranar nan ba. Na damƙe hannunsa har muka fita. Ku duhu aka yi muku na minti goma kuna nishaɗi, kun san akwai fitila. Ni fitilar tawa aka kashe.

Ban ce a daina ba. Amma wanda Magini ya kwatanta, mai ogan da ginshiƙai, wannan zan yini a ciki. Ko ba komai zan fita na san ginin fiye da wanda ya kawo ni.

Injiniyar_Waya:
Wallahi Malam, sati biyu ina shimfiɗa kafet ban taɓa kawo wannan a raina ba. Da an bar siririyar hanya mara kafet a bakin bango, za ta wadatar?

Mai_Sanda:
Za ta taimaka ƙwarai, 'yar'uwa. Katako ko tayil, faɗin taku ɗaya ya isa. A kuma bar bango guda ba labule, in san inda zan koma.

Sarkin_Gardama:
In an bar bango guda tsirara ai kogon Baƙon_Zaure ya rushe, tunda bangon zai tona asiri. Ko ba haka ba, Malam_Lissafi?

Malam_Lissafi:
Zai rage shi, ba lalle ya rushe ba. Ya danganta da inda lasifikokin ke fuskanta da kuma ƙarfinsu. Sai an gwada.

Baƙon_Zaure:
Na gode jama'a. Wurin na nan har ƙarshen wata, ranar Asabar zan koma. Ina so in ga ko kogon zai dawo yanzu da na san inda kyamarar take. Zan gwada tsayawa cik in bar wasu su yi motsin, zan kuma toshe kunne ɗaya in ji ta inda ɗigon zai faɗo.

Uwar_Biyu:
Ka tafi da yaro.

Mai_Sanda:
Ka sa takalmi mai taurin ƙasa, ka tsaya a bakin ƙofa inda kafet bai kai ba, ka buga dunduniya sau ɗaya kafin ka shiga.